Mashin Da Muka Sayo Daga Birni

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun daɗe muna jin wannan karin magana, har mukan jefi wasu da ita, amma ba mu san da mu take ba sai a hutun Disamba na 2023, ranar da muka sauka daga mota a ƙauyenmu, can gabas da Haɗeja, riƙe da wani mashi sabo ful naɗe cikin takardar siminti, muna tafe muna jin kanmu kamar wanda ya ciwo yaƙi.

Bari mu faɗa wa mai karatu abin da ya haɗa malamin makaranta da mashi. Yayanmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar 'ya'ya biyar. Babban cikinsu yana da shekara 17, yana ajin ƙarshe na sakandare. Ana saura mako biyu a ba da hutu sai ya ari wayar wani ya kira mu, bayan gaisuwa ya ce, "Baffa, ba kuɗi zan roƙa ba, na san yadda ake ciki. Mashi nake so ka taho mini da shi. In na samu mako uku ina shiga fadama da dare, zan haɗa kuɗin fom ɗin JAMB." Ya ce kalli ya yi tsada, ga shi ba shi da jirgi, amma mashi da tocila ba su fi ƙarfinsa ba.

Muka yi shiru na ɗan lokaci, domin kuwa abu biyu suka soke mu a lokaci guda. Na farko, yaron ya riga ya yi wa albashinmu lissafi, ya ga ba zai kai ba, ya kuma rufa mana asiri. Na biyu, mu ne fa muke tsayawa gaban ɗalibai da safe, da bulala a hannu, muna ce musu wanda duk bai yi karatu ba a cikin taɓo zai ƙare yana bin tarwaɗa. To ga namu ya ce ta cikin taɓon zai bi ya kai ga karatu. Don mu huce wannan kunya, muka shiga kasuwar birni, muka sami mai sayar da kayan farauta, muka ce ya ba mu mashin da ya fi kowane kyau. Ya ɗauko mana wani mai baki ɗaya, faɗinsa ya kai yatsu uku, da kunnuwa biyu manya, ƙotarsa ta sha jan fenti tana ta ƙyalli. Muka biya naira 9,000 ba tare da dogon ciniki ba.

Baba, mahaifinmu, ya haura shekara tamanin, yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya bambance dare da rana. Bayan an yi la'asar muka miƙa masa mashin, muna jiran yabo. Ya ɗaga shi, ya jinjina, ya bi bakin da yatsa har zuwa kunnuwan, ya shafa ƙotar, ya sansana fentin. Can sai ya ce, "Malam, dorina ce ta dawo fadamar tamu ba a gaya mini ba?" Mutanen zaure suka fashe da dariya. Ya juya wajen jikan nasa, wanda kullum suke faɗan wasa a kan wane ne mijin kakarsa, ya ce, "Kai abokin gaba, Baffanka ya sayo maka ƙanen zago. In ka soki karfasa da wannan, rabi za ka ɗauka, rabi ka bar wa ruwa."

A nan za mu ɗan ratse, tunda da marubuta muke magana. Mun karanta littattafai da yawa na 'yan'uwanmu, in aka zo kan masunci sai a ce ya ɗauki komarsa ya tafi kogi, shi ke nan, kamar duk su koma ce. In marubuci ya yi ƙoƙari sai ya kai mu bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, ya nuna mana dubban mutane da homa da gora suna faɗawa Matan Fada. Amma su na kowace rana yana da kayansa da sunayensu: akwai birgi da ake jefawa, akwai kalli da ake kafawa, akwai taru da ake ja, akwai mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, akwai gura. Haka ma mashi ba ɗaya ba ne. A wajenmu zago shi ne babban nan mai igiya, wanda bakinsa ke fita daga ƙota in ya shiga nama, na kada ne da manyan dabbobin ruwa. Na kifi kuwa hargi muke ce masa. Mu da aka haifa a gidan su, mun manta da wannan bambanci, balle wanda bai taɓa taka taɓo ba. Saboda haka ba gori muke yi wa kowa ba.

Washegari da hantsi Baba ya dafa kafaɗar jikansa, muna biye, muka nufi maƙera. Maƙerin sa'an Baba ne da ɗan kaɗan, 'ya'yansa ke zuga da duka, shi yana zaune yana nuni da baki. Bai ko tambayi nawa muka zo da shi ba. Ya ce wa yaron, "Ina za ka shiga?" Yaron ya faɗa masa sunan gefen fadamar. Ya ce, "Ruwan nan yanzu iya gwiwa ne, ƙasansa laka, gefensa kacala. Tarwaɗa ce da karfasa, sai tufi jefi-jefi. Miƙe tsaye in gan ka."

Wannan kacala da ya ambata ita ce ta sauya fadamar da muka sani. Muna yara, kafin mu tafi makarantar kwana, ruwan Kogin Haɗeja kan hau da damina ya malale fili iya ganinka, ya kuma janye da kaka ya bar tafkuna cike da kifi. Dattawa na cewa tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ambaliyar ta fara raguwa, mu kuma mun ga abin da ya biyo bayan ta Challawa a 1992. Ruwa ya daina hawa da sauka yadda ya saba, sai ya riƙa kwanciya a wasu wurare shekara guda cur, kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren jefa birgi, ta kuma zama maɓoyar jan baki masu cin shinkafa. Inda dā jirgi ke wucewa, yanzu sai ɗan fili tsakanin ciyawa, koma ba ta buɗuwa a ciki. Irin wannan wuri ne aka bar wa yaron da ba shi da jari, kuma hargi ne kaɗai ke aiki a cikinsa.

Gardama ta kaure tsakanin tsofaffin biyu a kan yawan baki. Maƙeri ya ce a yi biyar, tunda yaro sabon hannu ne, in ya kuskure da ɗaya wani ya samu. Baba ya ce sam, uku. Hujjarsa ita ce ƙarfin hannu ɗaya ne, in ka raba shi gida biyar, kowane tsini zai samu kaɗan, tarwaɗa kuwa fatarta da santsi da tauri, sai tsinin ya zame ta tafi da rauni ta je ta mutu a banza. Ga shi baki biyar yana kwaso ciyawa, kowace suka sai ka tsaya tsefewa, kafin ka gama kifin gefe ya tsere. Baki ɗaya kuma, in ji shi, sai gwani, domin karfasa in ka dube ta daga sama siririya ce kamar kaifin wuƙa, faɗin nata a gefe yake. Muka so mu sa baki mu ce ai wannan shi ne darasin matsi da faɗin wuri da muke koyarwa a aji, sai muka tuna da dorina, muka kama bakinmu. Aka tsaya a kan uku, tsawon kowane ya ɗan fi tsawon ɗan ali, tsakaninsu yatsa biyu, na tsakiya ya ɗan ɗara sauran tsawo don ya fara shiga.

Da aka zo kan kunnuwa sai fuskar Baba ta sauya. Ya ce ƙanana za a yi, kamar ƙwayar shinkafa, na bakunan gefe su dubi ciki, na tsakiya a bar shi ba kunne. Maƙeri bai yi musu ba, mu ma mun san dalili, yaron ne kawai bai sani ba. Babban kunne yana yaga tsokar kifi wajen zarewa, mata masu banda da dillalai su karya masa kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma ba ita ce ta sa muryar Baba rawa ba. A hunturun 1993 yayanmu, mahaifin yaron nan, ya ga motsi kusa da ƙafarsa cikin ruwan da ya gurɓace, ya kai suka da hargi mai manyan kunnuwa, ashe tasa ƙafar ce ta tayar da lakar. Ƙarfen ya shiga ta bayan ƙafa ya ƙi fita. A kan amalanke aka kai shi bakin titi, da ƙarfen a jikinsa, bayan an zare ƙotar, sai a asibiti aka tsaga aka cire. Har ya koma ga Allah yana ɗingishi. Yaron ya tashi yana ganin ɗingishin mahaifinsa, bai taɓa tambaya ba, sai ran nan a maƙera ya ji. Bai ce komai ba, ya sunkuya yana tona ƙasa da tsinke.

Ƙarfen da aka zaɓa guntun sifirin mota ne. Maƙeri ya ce rodi ya fi araha, in ya lanƙwashe a miƙe shi da dutse, amma tsininsa ba ya daɗewa. Sifirin yana riƙe kaifi, aibinsa shi ne yakan karye in ya daki dutse, to fadamarmu ba dutse, laka ce zalla. Da aka gama ƙira, tsinin kaɗai ya tsoma cikin ruwa yana ja, ya bar wuyan ya huce da kansa, don baki ya yi tauri, wuya kuma ya iya ba da kai in babbar tarwaɗa ta yi fizga.

A kan ƙota muka fi shan mamaki, don mu a zatonmu kowace sanda sanda ce. Aka fito da tari. Gwangwala ba nauyi, amma cikinta taushi ne, tana shan ruwa, ba ta riƙe ƙarfe. Marke na fartanya ne, kafin tsakar dare ya gajiyar da dantse. Aka rage dargaza da gora. Baba ya sa yaron ya tsaya, aka auna tsawonsa aka ƙara kamu ɗaya, ya ce abin da ya gaza haka zai sa ka matsa har inuwarka ta faɗa kan kifi, abin da ya wuce haka kuma bakinsa zai riƙa rawa. Ya karɓi kowace sanda, ya murza ta tsakanin tafin hannunsa yana sauraron ko tana da gwami, ya ƙwanƙwasa ko ƙwaro ya ci cikinta. Ya zaɓi wata gora busasshiya mai gaɓoɓi kusa-kusa. Aka cusa jelar ƙarfen a ciki, aka naɗe da waya, aka bi da robar cikin tayar keke har ta rufe. Sa'an nan ya ce a ɗora a kan yatsa ɗaya. Inda ta tsaya daidai, ya ce nan ne wurin riƙo, aka yi ɗan tsagi don hannu ya gane cikin duhu. Daga ƙarshe aka jefa ta cikin kwamin ruwan maƙera, bakin ya nutse, gindin ya taso. Baba ya ce hargin da ke nutsewa gaba ɗaya, ranar da ya kuɓuce maka ranar kuka rabu. Fenti kuwa ya hana, ya ce yana santsi in ya jiƙe, yana kuma mayar da haske. Duka-duka muka biya naira 3,500.

Daren ranar muka ce sai mun raka yaron. Uwarsa ta ji daɗi, Baba ya yi murmushi bai ce ƙala ba. Wata ya kusa ƙarewa, duhu ya yi yadda ake so, domin a farin wata kifi na ganinka tun daga nesa. Sai da muka jira iska ta kwanta, wajen ƙarfe ɗaya, saboda in fuskar ruwa na rawa ba ka ganin komai a ƙasa. A zamanin Baba da damin ciyawa ake kunna wuta, wani ya riƙe, wani ya soka. A namu zamanin tocila mai batir uku muke ɗaurawa a ka da roba. Yaron kuwa fitilar goshi ce ta caji gare shi, haskenta fari fat. Ya ce Kaka ya gargaɗe shi kada ya dasa tsakiyar hasken a kan kifi, gefen hasken ake sa masa, in ba haka ba ya firgita.

Sanyin ruwan Disamba ba a ba da labarinsa, sai wanda ya shiga. Muka bi gefen kacala muna fuskantar inda ruwa ke gangarowa, don lakar da muka tayar ta tafi bayanmu. Ba a ɗaga ƙafa, ja ake yi a hankali. Ba mu yi nisa ba yaron ya tsaya cik, ya zura bakin hargin cikin ruwa sannu-sannu kamar mai zura zare a allura, sai ya danna da ƙarfi ya tsaya a kai. Ruwa ya hautsine. Bai ɗaga ba, ya bi ƙotar da hannun hagu har ƙasa, ya kamo tarwaɗa ta bayan kai, sa'an nan ya ɗago su tare. A ruwa iya gwiwa ba a jifa, dannewa ake yi a haɗa kifi da ƙasa, kuma ba a sukan kan tarwaɗa, ƙashi ne kamar kwano, bayan kai ake nema.

Sai ya miƙo mana ya ce, "Baffa, gwada." Muka karɓa. Ga karfasa nan kwance jikin ciyawa, ko motsi ba ta yi, kamar an ajiye mana. Muka auna ta sosai, muka kai suka, sai laka. Ta biyu haka, ta uku haka. Yaron ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Baffa, sama kake suka. Kaka ya ce ruwa maƙaryaci ne, inda ya nuna maka kifi ba nan yake ba, yana ƙasa da nan. Ka fara sa bakin a ruwa, sai ƙaryar ta shafe su tare."

Ya mai karatu, shekara goma sha tara muna koyar da wannan abu. Mukan sa fensir a kofin gilashi mu nuna wa ɗalibai yadda yake kamar ya karye, mu rubuta 1.33 a allo, mu ce haske yana tanƙwarewa in ya fito daga ruwa zuwa iska, don haka abin da ke zurfin santimita 40 ido zai gan shi kamar a 30 in an duba daga sama, in an duba a karkace ma ya fi haka. Mun sha ba yara sifili a kan wannan tambaya. Ga shi a tsakar dare, cikin laka, hannunmu ya ƙi yarda da abin da bakinmu ke faɗa. A karo na huɗu muka bi maganar tsoho, muka samu wata karfasa da ba ta kai tafin hannu ba. Yaron ya duba ya ce, cikin ladabi, irin wannan shi wucewa yake yi.

Wannan wucewar ta tsaya mana a rai. Mai hargi yana ganin kifinsa kafin ya kashe, yana da ikon ya ce wannan bai isa ba. Wanda ya ja gidan sauro a tafki ba ya barin ko ɗan da bai kai farce ba, wanda ya zuba gamalin kuwa har kwaɗi da tsutsa yake kashewa, ya kuma sayar wa mutane guba. Amma kada mu wanke hargi tas. Da farkon hawan ruwa tarwaɗa kan shigo ciyawa garke-garke don zubar da ƙwai, ba ta ko gudu, a nan mai hargi mara imani yakan cika buhu a dare ɗaya da uwaye masu ciki. Baba ya ce a zamaninsu sarkin ruwa na hana shiga a wannan lokaci, wanda ya karya a karɓe kayansa. Yanzu yunwa ta fi sarkin ruwa murya.

Kafin kiran assalatu muka fito da tarwaɗa bakwai da karfasa huɗu, har da tamu 'yar ƙaramar. Ƙafafunmu sun mutu, matsattsaku biyu sun maƙale mana a ƙwauri, muka kwana uku muna mura. Yaron ya ci gaba da shiga shi kaɗai, yana barci bayan azahar, yana karatu bayan isha kafin iska ta kwanta. Uwarsa ta same mu a soro kafin mu koma, ta ce, "Malam, ina tsoro kada ruwa ya yi masa daɗi." Ba mu da amsar da za mu ba ta, sai muka ce a yi ta addu'a. Da aka fara sayar da fom ya haɗa fiye da rabi, muka cika sauran. Ya zauna jarrabawar a Afrilun 2024, makin bai kai na abin da yake so ya karanta ba. Ya ce zai sake, kuma a wannan karon kada mu cika masa ko kwabo.

Mashin birni kuwa ya yi wata biyu a bayan ƙyauren Baba, duk baƙon da ya zo sai an ɗauko masa ya jinjina, a ba shi labarin dorina. Daga baya maƙeri ya aiko aka kai masa, ya ce ƙarfen mai kyau ne, aikin ne ba na nan ba. Ya buɗe shi ya fitar da lauje, da shi yaron ke zuwa gayyar yankan kacala. Ƙotar mai jan fenti ita ce Baba ke dogarawa zuwa masallaci.